Wasiƙun Masu Kwaikwayon Yaƙin Basasa na Amurka: Inda Su Ke Dacewa da Inda Su Ke Kuskure

A ƙasar Amurka akwai ƙungiyoyin mutane waɗanda su kan sa tufafin sojan da, su kafa sansani, su kwaikwayi Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865. Al'adar ta yi ƙarfi tun daga watan Yuli 1961, sa'ad da aka kwaikwayi karon farko na Bull Run don cikarsa shekara 100. Cikin abubuwan da su kan yi har da rubuta wasiƙu bisa salon wancan zamani, a raba su a sansani kamar daga gida su ka zo. Tun da ya ke wasiƙa rubutu ce, ya kamata a auna ta da ma'aunin adabi, a kuma gwada ta da wasiƙun gaskiya.

Wajen siffar waje, lalle masu wannan aiki sun yi ƙoƙari. Sun san kan sarki na Arewa senti 3 ne, na Kudu senti 5, wanda ya koma 10 a 1862. Sun san takarda ta yi wuya a Kudu, har a kan juya tsohuwar ambulan, ko a yanko ta daga takardar ado ta bango. Su kan yi rubutu da alƙalamin ƙarfe da tawada, ko da fensir. Amma wannan duka fata ce kawai, ana iya sayenta a kasuwa.

Inda aikin ya ke da wuya shi ne harshe. A 1990 Ken Burns ya sa aka karanta wasiƙar Manjo Sullivan Ballou cikin fim ɗinsa na tarihin yaƙin. Ballou ya rubuta wa matarsa Sarah ran 14 ga Yuli 1861, mako guda kafin a yi masa raunin da ya zama ajalinsa a Bull Run. Wasiƙar ta yi suna ƙwarai, ta zama abin koyi. To, Ballou lauya ne, ɗan majalisa, gwanin magana. Wanda ya ari bakinsa ya sa wa ɗan manomi, ya yi kuskure irin na mai sa wa ɗan dako rawanin alkali. Bell Irvin Wiley, wanda ya karanta dubban wasiƙu kafin ya wallafa littattafansa biyu kan rayuwar ƙaramin soja a 1943 da 1952, ya nuna yawancinsu cike su ke da kuskuren rubutu, zancensu kuwa bai wuce abinci, laka, kwarkwata, gudawa, jinkirin albashi, da tambayar yadda gona ta ke ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama kashi biyu cikin uku na sojan da su ka mutu, cuta ce ta kashe su, ba harsashi ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Mai kwaikwayo ya san ƙarshen labari, sojan gaskiya kuwa bai sani ba. Wanda ya tsaya a Gettysburg a farkon Yuli 1863 ya ga hayaƙi da 'yan sahunsa kaɗai, sauran sai jita-jita. In wasiƙa ta zo tana bayyana tsarin rundunoni daki-daki, ko tana cewa yau yaƙi ya juya, to marubucinta ya leƙa littafin tarihi. Gwaninta a nan ita ce mutum ya iya jahiltar abin da ya sani, har ya rubuta jita-jitar ƙarya da cikakken imani.

Na uku shi ne shiru. An yi yaƙin nan ne a kan bauta, bayi kusan miliyan 4 na cikin ƙasar, baƙaƙe wajen 180,000 kuma sun shiga rundunar Arewa. James McPherson, wanda ya yi nazarin takardun soja 1,076 a littafinsa na 1997, ya nuna ba a tace wasiƙunsu, suna faɗin ra'ayinsu a fili, mai daɗi da marar daɗi. A Satumba 1864 Spotswood Rice, bawa da ya zama soja, ya rubuta wa 'ya'yansa mata da ke hannun masu su cewa yana nan zuwa ƙwato su. Wasiƙar kwaikwayo wadda ba ta da komai sai begen gida ta wanke tarihi har ya kuɓuce.

Duk da haka aikin yana da amfani, musamman ga malaman kwalejin horon malamai waɗanda su kan sa ɗalibai rubuta wasiƙa da bakin mutumin da. Sharaɗi uku ne. Ɗalibi ya fara karanta wasiƙun gaskiya masu yawa, ba guda ɗaya mai suna ba. Sa'an nan a tsayar masa da rana da wuri da matsayin mai rubutu, a hana shi duk abin da ya faru bayan ranar. A ƙarshe a sa wa takardar alama da shekarar da aka rubuta ta, domin gwanintar yau kada ta zama shaidar zur a hannun masu bincike na gobe.