Lamba 137 da mai iya karanta ta

Tsohon bakanike ba ya rawar jikin ɗaukar sifana. Sai ya ce a tayar da motar, ya kasa kunne tukuna. Irin wannan haƙurin nake gani wajen gwanayen da ke kula da kwantenonin manhaja, kuma shi ya sa aikinsu ke burge ni.

Sunan dai aro ne daga kwantenar da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. A kwamfuta, ana ɗaure manhaja da duk tarkacen da take buƙata a ƙunshi guda, ta yadda duk na'urar da aka kai ta za ta yi aiki iri ɗaya. Docker ne ya yayata dabarar tun 2013, shekarar da Solomon Hykes ya nuna ta a taron PyCon a Amurka. Daga baya Docker Desktop ya zo da allon da ke jera maka kwantenoninka, masu rai da matattu, ba sai ka haddace umarni ba. Kowa na iya danna maɓallansa. Karanta abin da yake nunawa kuwa, wannan sai wanda ya goge.

A ce kwantena ta mutu tsakar dare. Sabon shiga da ya gan ta da safe, hannunsa na kan maɓallin sake tayarwa. Gwani kuwa lambar da ke gefen kalmar Exited yake fara dubawa. In sifili ce, ta gama aikinta ta tafi lafiya. In 137 ce, ya san kashe ta aka yi: 128 ne aka haɗa da 9, tara kuwa ita ce siginar kisan da ba a neman yardar manhaja. To wa ya kashe ta? Ko dai an umarce ta ta tsaya, ta yi taurin kai har daƙiƙa goman da Docker ke bayarwa suka cika, ko kuma ta ci memori fiye da rabonta. Sai ya buɗe shafin Inspect ya nemi layin OOMKilled. Da ya ga true, magana ta ƙare.

Amma ba ya tashi a nan. Yana tayar da ita, ya koma shafin Stats, ya naɗe hannu yana kallon zanen memori. Lafiyayyar manhaja tana hawa tana sauka. Mai yoyo kuwa hawa kawai take yi kamar matakalar bene, har ta bugi rufi. Yana kuma tuna abin da da yawa ke mantawa: a Windows da Mac, kwantenonin na zaune ne cikin wata ƙaramar Linux ta ɓoye, kuma ba duk memorin kwamfutar aka ba ta ba. A Windows, inda WSL 2 ke riƙe da ita, rabi take samu in ba ka canja ba.

Inda na fi sara masa shi ne shafin Logs. Jan rubutu ya cika allo, amma ba ya kula na ƙarshe, sai ya gangara baya har ya iske kuskuren farko, don sauran duk 'ya'yansa ne. Sau da yawa za ka ga manhaja na ƙwanƙwasa ƙofa ta 5432, tana neman rumbun bayanai na PostgreSQL a localhost, shiru. Gwani murmushi zai yi. A cikin kwantena, localhost na nufin ita kanta, rumbun bayanan kuwa yana maƙwabta, da sunansa ake kiransa.

Kai da ka fara koyo, kafin ka danna hoton kwandon shara, kwafi abin da ke cikin Logs ka ajiye. In ka goge kwantena, da shi take tafiya.