Tulluwa ba azara: waiwaye kan ginin Cikal da horon magina

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. A wannan damanar dubban gidaje sun rushe a jihohin ƙasar, akasarinsu na laka, an kuma yi asarar rayuka masu yawa. Tun ƙasa ba ta bushe ba jama'a ta yanke hukunci cewa ginin laka ya gama zamaninsa, wanda ya samu hali ya sayi siminti da tol. Hukuncin yana da dalilinsa, gama wanda bango ya faɗa wa ɗansa ba a yi masa wa'azin al'ada. Sai dai a Nijar ɗin nan ne aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen farfaɗo da ginin ƙasa a yankin Sahel, wato shirin gini ba itace, wanda aka fi sani da sunansa na Faransanci, Construction sans bois. Fiye da shekara 40 ke nan da soma shi, lokaci ya yi da za a auna abin da ya gina da abin da ya kasa ginawa.

Rufi ne matsalar da shirin ya tarar, domin bango kam ko'ina akwai ƙasar yin sa. Soron gargajiya yana tsayuwa ne a kan azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cin ta. Bayan farin shekarun 1973 da 1984, da ƙaruwar jama'a, giginya ta yi wuya, har dazukanta na Dallol Mauri wajen Gaya suka koma abin da hukuma ke tsaro. Talaka ya koma ga itacen da ya samu, gara ta cinye shi cikin ƴan shekaru, rufi ya lotsa, a sake saran wani. Mai ɗan hali ya koma ga tol, wanda ke mai da ɗaki tanda a watan Afrilu, ya hana barci da ƙara in ana ruwa, iskar farkon damana kuma ta kwashe shi in ta ga dama.

A shekarar 1980, a garin Cikal na yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta gwada wata hanya. Waɗanda suka kafa ta sun yi hulɗa da Hasan Fathi, maginin nan na Masar da ya gina sabuwar Gurna a shekarun 1940 da dabarar mutanen Nuba. Dabarar ita ce a rufe ɗaki da bulon ƙasa kaɗai, ba azara, ba ƙarfe, ba katakon tokara. In rufin mai tsawo ne, sai a tada bangon ƙarshe, a jingina sahun bulo na farko a jikinsa a ɗan karkace, kowane sahu ya kwanta kan na bayansa, har a kai ɗaya ƙarshen. In tulluwa ce, ana kafa wani ɗan ma'auni a tsakiyar ɗaki, mai hannu da ke juyawa, shi ke nuna wa magini mazaunin kowane bulo da karkatarsa, da'ira bisa da'ira, har bakin ya haɗe a sama. Laka ita ce turmi, nauyin bulon shi ne ƙusa.

Dole a ba shirin haƙƙinsa. Ya gane tun farko cewa magina zai bari a baya in ya tafi, shi ya sa ya zuba ƙarfinsa ga horo. Ya ɗauki maginan ƙauye, ya koya musu cikin ƴan makonni lokacin rani, sa'ad da aikin gona ya ƙare kuma samari ke shirin ci-rani. Cikin waɗanda suka ƙware ya fid da masu koyar da wasu. Aikin ya kai Iferwan a tsaunukan Ayar, ya ƙetara zuwa Mali da Burkina Faso, a 1998 kuma ya samu lambar yabo ta duniya ta World Habitat. Kuɗin irin wannan gini yawancinsa yana ƙarewa ne a hannun mai buga bulo da mai ɗebo ruwa da mai amalanke, bai fita gari zuwa kantin siminti. Wanda kuma ya taɓa shiga ɗakin tulluwa da tsakar rana ya san bambancin: kaurin bango yana jinkirta zafi, sai dare ya yi sannan ɗumin ya iso ciki.

Amma akwai abin da masu yabon shirin kan manta. Tulluwa ba baƙuwa ce ba a ƙasar Hausa. Magina sun daɗe suna ɗaura bakan gizo da ɗaurin guga, suna rufe fadoji da masallatai da zauruka, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Shaida mafi kusa tana Yama, a jihar Tawa. A can ne Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma masallacin Juma'a a 1962, ya sake rufinsa da baka da tulluwa a 1975, ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyinsa, aikin ya kammala a 1982. Mutanen gari ne suka kawo ƙasa da ruwa da itace da ƙarfinsu, kowa gwargwadon halinsa. A 1986 ginin ya samu lambar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Hasumiyoyin nan huɗu babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, kowace da tsayinta da adonta, kamar maginin yana sake tunani ne duk sanda ya hau sabuwa.

In aka jera ginin Yama da yawancin gine-ginen shirin gini ba itace, abin da ido ke fara gani shi ne na biyun sun yi kama da juna ƙwarai. Ma'aunin da ya sauƙaƙa koyo shi ne kuma ya ƙayyade siffa: tulluwar Filinge da ta Iferwan uwarsu ɗaya. Ba kasafai ake ganin zanko a kansu ba, ko irin zanen da ke fuskar gidajen Birni, wanda da shi ne mai gida ke gaya wa mai wucewa ko shi wane ne. Wani zai ce ado abin da ke zuwa ne bayan an ƙoshi. Amsar ita ce mutum bai kashe guminsa wajen kula da gidan da bai alfahari da shi. Ga shi kuma da yawa daga cikin gine-ginen farko ofisoshi ne da ɗakunan ajiya da na shan magani, waɗanda ma'aikatu da ƙungiyoyi suka biya. Gidan Bahaushe kuwa zaure ne da tsakar gida da ɗakunan da ke ƙaruwa duk sanda aka yi aure, kuma dabarar da ba ta shiga wannan tsari ba sai ta tsaya a matsayin ginin baƙi, ko da hannun ɗan gari ne ya ɗora ta.

Babban gibi yana ga horon kansa. A tsarin da, yaro yakan soma da kwaɓa ƙasa da jefa tubali ga maigidansa da ke bisa bango, ya shekara da shekaru kafin a yarda ya ɗaura baka. Cikin waɗannan shekaru yana koyon abin da ba a iya koyarwa a makonni: wace ƙasa ce ke tsagewa, ina ruwa ke kwanciya a unguwa, yaya ake dafa makuba daga kwasfar ɗorawa don yaɓen da ke korar ruwa, ina ya kamata indararo ya zuba don kada ya ci gindin bango. Sama da shi akwai sarkin magina, wanda ake kai wa ƙara in gini ya ci amana. Mai gida ma ya san nasa aikin, wato yaɓe kafin damana da duba rufi bayan ruwan farko. Ginin laka alkawari ne tsakanin mai gida da magini, ana sabunta shi kowace shekara.

Rufin bulo zalla ya fi soron azara buƙatar wannan alkawari. Tulluwa tana tura bango waje, saboda haka tana son bango mai kauri da tushe mai ƙarfi. Ruwan da ya sauko daga kanta yakan taru a kwarin da ke tsakaninta da maƙwabciyarta, in indararo ya toshe sai ya nemi hanya ta cikin laka. Azara takan lanƙwasa ta yi gargaɗi kafin ta karye, bulon da ya jiƙa bai da wannan haƙuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa hannu ɗaya na laka ke rufe ta in an gan ta da wuri. Horon makonni yana iya fid da mai ɗora tulluwa daidai, amma mai komowa bayan shekara uku ya hau ya duba, wannan sai sana'ar da ke ciyar da mai ita a garinsa. Inda aiki ya yanke bayan tafiyar masu ba da kuɗi, maginin yakan koma ga siminti ko ya tafi ci-rani, ginin ya zauna ba mai jin ciwonsa. In ya faɗi, laka za a zarga.

Akwai kuma maganar daraja. Muddin ma'aikaci da ɗan kasuwa da alhajin gari suna gina nasu da siminti, talaka zai ɗauki ginin ƙasa a matsayin hukuncin da talauci ya yanke masa. A nan ne aikin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, ya ƙara wani abu. A 2018 Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma: sun mai da tsohon masallacin laka ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo babba kusa da shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da na'ura, suka kuma jawo tsofaffin magina cikin gyaran. Darasin wurin shi ne an ba ƙasa ginin da ya fi kowane daraja a gari, an kuma zaunar da mai ilimin boko da mai ilimin gado a kan aiki ɗaya. Iyakarsa ita ce na'urar matsa bulo da ɗan simintin da ake haɗawa sun fi ƙarfin aljihun manomi, don haka Dandaji ba ta maye gurbin Cikal ba. Kowace ta riƙe rabin amsa.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin abin da ke kan wannan magana. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta ta Yamai, yara 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar irin haka ta faru a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. Aji na bulon ƙasa bai cin wuta, kuma ƙauye na iya tada shi da hannunsa. Amma kada a gina shi sai an san sunan maginin da zai riƙa hawa kansa kowane ƙarshen rani, da inda ladansa zai fito, an kuma zaɓi tudun da ruwa bai kwanciya. Ƙungiyoyin raya al'adu, su kuma, suna da aikin da ba ya jira: tsofaffin magina na Adar da Damagaram da Katsinar Maraɗi suna ƙarewa da saninsu na ƙasa da makuba da ɗaurin baka. A nemo su, a haɗa su da waɗanda shirin ya horar, a sa kowane sabon gini ya zama da ɗan koyo a gindinsa yana jefa bulo.