Waɗanda Suka Riƙe Gindin Waƙa: Tsokaci Kan Yadda Muke Tunawa da Makaɗan Sakkwato da Zamfara

Duk sa'ad da aka zauna zancen makaɗan baka na ƙasar Sakkwato da Zamfara waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sunaye kaɗan ne ke zuwa baki. A ambaci Ibrahim Narambaɗa Tubali, da Salihu Jankiɗi wanda ya rasu a 1973, da Ɗan Anace a 1986, da Sa'idu Faru a 1987, da Musa Ɗanƙwairo a 1991. A yi musu addu'a, a saurari waƙa ɗaya ko biyu, a watse. Allah ya jiƙansu da rahama. Ba mu da ja a kan girman waɗannan fasihai. Abin da wannan tsokaci yake son nunawa shi ne, irin wannan tunawa tana da giɓi, domin ta ɗauki waƙar baka tamkar rubutacciyar waƙa, wadda mutum guda yake tsarawa shi kaɗai da alƙalaminsa.

Wanda duk ya natsu ya saurari kiɗan kotso ko na taushi ya san ba haka abin yake ba. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa, sau da yawa bai kai ƙarshensa ba sai 'yan amshi su karɓe, su yi ƙari, su cika ma'anar, sa'an nan su koma da ita gindin waƙa. A wasu ɗiyan ma kalmomi ƙalilan jagora ke jefawa, ragowar duk daga bakinsu take fitowa. Su ne kuma ke riƙe da kayan kiɗan a lokaci guda. Ke nan abin da muke kira salon Narambaɗa ko zaƙin waƙar Faru, rabinsa muryoyin wasu mutane ne da suka haddace waƙar, suka san inda maigidansu zai numfasa, suka tare masa wurin kafin ya faɗi. Masu sauraro kuwa, abin da ke zaune a bakinsu har yau shi ne gindin waƙa, wato ainihin rabon 'yan amshi.

Tarihin Ɗanƙwairo kansa hujja ne. Ya taso a ƙarƙashin mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, ya kuma daɗe yana yi wa wansa, Abdu Kurna, amshi kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Da ajali ya riske shi a wancan matsayi, da ba mu san shi ba, alhali muryar ita ce dai, basirar ma ita ce. Mutum nawa ne irinsa suka ƙare rayuwarsu a bayan jagora?

Akwai wani abu da yakan ba mu dariya, ya kuma ba mu kunya. Cikin waƙoƙin Narambaɗa da suka fi shahara akwai ta Dokin Iska Ɗanhilinge. Ɗalibanmu da dama sun san sunan wannan doki, wasu har sun yi nazarin siffantawar da aka yi masa a kundayensu na neman digiri. Amma a tambayi ajin nan gaba ɗaya sunan mutum guda cikin waɗanda suka yi amshin waƙar, sai a ji tsit.

Su kuwa iyayen gida, wato masu ɗaukar nauyin makaɗa, nasu al'amarin ya bambanta. Sunayensu ba su ɓace ba, domin waƙar ce kabarinsu mai alama. Ba a raba Narambaɗa da Sarkin Gobir Amadu na Isa, ko Jankiɗi da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, ko Sa'idu Faru da Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Haka nan Shago, ɗan damben da Ɗan Anace ya ɗaukaka. Sai dai mukan tuna da su a matsayin waɗanda aka yaba kawai, mu manta da cewa su ma suna da hannu a cikin aikin. Ubangida shi ke ba makaɗi muhalli da gona da hatsi da doki da sutura, ta yadda zai sami sukunin zama da yaransa kwana da kwanaki suna gyara waƙa guda. Fada kuma makaranta ce. A nan makaɗi ke jin asalin gidan sarauta da labarin yaƙe-yaƙe da sunayen kakanni daga bakin fadawa da dattawa, a nan kuma ake yi masa gyara idan ya kauce. Zambo da habaicin da muke sha'awa ba su da armashi sai a gaban jama'ar da ta san wanda ake nufi. A fagen dambe ma, mahauta da manoma da 'yan kallo masu kari su ne suka riƙe kiɗan, ba wani basarake ba, kuma babu wanda ya rubuta sunayensu.

Wannan tsari ya fara rauni tun makaɗan suna raye. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa sarakuna iko da abin hannu. Ba mamaki da Ɗanƙwairo, wanda ya ga zamunan biyu, ya faɗaɗa fagensa, daga fadar Maradun da Sardauna Ahmadu Bello zuwa sarakunan wasu ƙasashe da attajirai. Wasu manazarta suna ganin wannan a matsayin zubar da martabar kiɗan fada. Mu dai muna ganin mutum ne mai ƙungiya da iyali a wuyansa, ya ga rumfar da ke yi masa inuwa tana yayewa.

Wajibi ne mu manazarta mu karɓi namu kason na laifi. Gaskiya ne Sa'idu Muhammad Gusau, a cikin Makaɗa da Mawaƙan Hausa, da Aliyu Muhammad Bunza a littafinsa kan Narambaɗa, sun yi aikin da ya ceto tarihi mai yawa. Amma dubi yadda mafi yawanmu muke rubuta matanin waƙa: sunan jagora a sama, sa'an nan a gefen layuka a sa "'Y/Amshi", kamar dai wani kayan kiɗa ne ba mutane ba. Gidajen rediyo da masu sayar da kaset sun bi wannan hanya, ga shi yanzu waƙoƙin sun koma wayoyin hannu da intanet ɗauke da suna guda da hoto guda.

Akwai sauran dama, ko da yake tana ƙurewa. Waɗanda suka yi wa Faru da Ɗanƙwairo amshi suna samari, wanda ya rage a cikinsu ya tsufa, amma 'ya'yansu da maƙwabtansu suna nan a Faru da Maradun da Bakura da Isa. Ɗalibin da zai fita nazari, maimakon ya sake jero mana adon harshe a waƙar da aka riga aka yi wa kundi goma, ya ɗauki waƙar a wayarsa ya je can, ya kunna wa dattawa, ya tambaye su muryar wane ce wannan da ke ƙari, ɗan wane gida ne, wace shekara ya rasu, kuma wa ya ciyar da ƙungiyar a daminar da aka shirya waƙar.