Celo da Goge: Sharhi a kan Faifan Jacqueline du Pré na 1965

A shekarar 1965 kamfanin EMI ya naɗi kiɗan da Edward Elgar, mutumin Ingila, ya tsara wa celo a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jacqueline du Pré ce ta goga, tana 'yar shekara 20, John Barbirolli kuma ya jagoranci makaɗan London Symphony. Shi celo babban goge ne mai tsirkiya huɗu, wanda ake kafawa ƙasa tsakanin gwiwoyi.

Duk wanda ya tashi cikin birnin Kano yana jin kukumar Garba Supa, wannan kiɗa ba zai zame masa baƙo sosai ba. Tsarinsa na jagora ne da 'yan amshi, watau celo ya bayar, taron makaɗa su karɓa. Bambancin kawai babu mawaƙi. Izga ce ke ɗauke da zancen duka.

Kiɗan kashi huɗu ne. Celo ke buɗe shi da murya mai kauri, sa'an nan a dab da ƙarshe wannan mabuɗi ya komo, kamar yadda makaɗi kan koma wa gindin waƙa. Gwanintar du Pré ta fi fitowa a kashi na uku, inda take jan izga a hankali har tsirkiya ta yi kamar numfashin mai juyayi. Aibinta kuwa shi ne takan ja wasu gaɓoɓi fiye da kima, ta fito da baƙin cikin da Elgar ya sakaya. Wanda ya saurari faifan 1928, wanda Elgar ya jagoranta da kansa, Beatrice Harrison na gogawa, zai ji an fi hanzari da kawaici.

Abin lura gare mu manazarta shi ne, faifan nan ba shi da kalma ko guda, amma ya samu sharhi mai yawa. Mu kuwa mukan rubuta baitocin Hassan Wayam ko Ahmadu Doka, mu feɗe jigo da salo, mu bar kukumar da ta ɗauko su ba ko shafi ɗaya. Ashe rabin aikin makaɗi muke nazari. Ya kamata ɗalibanmu na babban digiri su koma ga tsofaffin kaset-kaset, su bayyana mana inda tsirkiya ke maimaita mawaƙi, da inda take cika abin da ya bari.