Ziyarar Masallacin Zariya: Gini da Kalmominsa

Wannan ɗan sharhi zai duba yadda ake kai ɗalibai daga Shika da Samaru da Sabon Gari ziyarar Birnin Zariya, babban birnin Zazzau. Galibi akan nuna musu ragowar ganuwa da Ƙofar Doka da fadar Sarki, sa'an nan a tsaya a tsohon Masallacin Juma'a, a faɗa musu cewa Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu (1834–1846). Daga nan sai a juya gida.

A ganinmu, irin wannan ziyara a bakin ƙofa ta tsaya. Gwanintar Durugu tana cikin rufin ne: yadda ya jera azarar giginya cikin ƙasa, ya tayar da bakan gizo, ya haɗa su suka zama ɗaurin guga. Tun da aka lulluɓe masallacin da ginin siminti a shekarun 1970, mai kallo daga waje ba ya ganin wannan aiki. An kwaikwayi ginin a gidan tarihi na Jos, amma kwaikwayo ba ya koyar da sunayen sassansa.

Ɗalibin da ya fito bai san bambancin tubali da makuba ba, kallo kawai ya yi. Saboda haka ya kamata malaman Hausa su riƙa tafiya da magini, ya nuna kowane sashe ya faɗi sunansa, ɗalibai su rubuta. Waɗannan kalmomi su ma kayan tarihi ne, kuma sun fi ganuwa saurin zaizayewa.