Jagaba a Filin Golf

Da an sallame sallar asuba a Asawase, kafin masu koko da ƙosai su gama hura wuta, Kawu ya riga ya fito. Ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne, maƙwabcinmu ne tun ina yaro, amma a zango ba a kiran babba da sunansa gatsau. Kayan aikinsa ba su da yawa: tawul a kafaɗa, hula mai baki, takalmi mai taushin ƙasa, da wani ɗan littafi da gumi ya jiƙa ya bushe har ya koma kamar tsohuwar laya. Zai hau tirotiro, wato motar haya, zuwa Kejetia, daga can ya kama hanyar Royal Golf Club, filin golf na Kumasi. Samarin da ke raba dare a majalisar ataya sun laƙaba masa ɗan dakon masu kuɗi. Shi dai murmushi yake yi ya wuce. Ni ma kallon da nake yi masa ke nan, har ranar da na bi shi.

Wasan kansa ba shi da wuyar bayani. Fili yana da rami 18. A kowanne, ɗan wasa zai buga 'yar ƙwallo daga mafari har ya jefa ta cikin rami, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Ƙwallon ba ta kai ƙwan kaza ba, nauyinta bai wuce giram 46 ba. Ramin kuwa faɗin bakinsa inci 4 da kwata ne, kamar bakin gwangwani, alhali tsakaninsa da mafari kan kai yadi 400 ko fiye. Kowane rami akwai adadin bugun da ake sa ran ƙwararre zai gama shi da shi, uku ko huɗu ko biyar. Wanda ke biye da ɗan wasa ɗauke da jakar sanduna shi ake kira kadi. Sana'ar Kawu ke nan.

Aikin farko ƙidaya ce. Kafin maigidansa ya iso, Kawu yana zare sandunan ɗaya bayan ɗaya yana lissafi a fili, kamar mai ƙirga kuɗin adashe. Doka ta ce kada su wuce 14. Na tambaye shi me ya sa yake ƙirgawa sau biyu, sai ya ba ni labarin Ian Woosnam, ɗan Wales, wanda a 2001, ranar ƙarshe ta babbar gasar Birtaniya, yana cikin masu jan gaba aka tarar da sanda 15 a jakarsa. Aka ƙara masa bugu biyu na tara, kofin ya kuɓuce, ya ƙare cikin na uku. "Ɗana," in ji Kawu, "ba shi ya kasa bugu ba. Mai jaka ne ya kasa ƙirga."

Sandunan nan kowace da aikinta, kamar kayan maƙeri. Akwai doguwa mai ƙaton kai da ake kira direba, ita ake buɗe dogon rami da ita. Akwai ƙarafa masu lamba, kuma idan lamba ta hau sai fuskar sandar ta ƙara kishingiɗa, ƙwallo ta ƙara tashi sama, tafiyarta ta ragu. Tsakanin ƙarfe da mai bi masa akwai kamar yadi 10 zuwa 15. Akwai gajeru masu kwantacciyar fuska da ake ce wa weji, na fitar da ƙwallo daga ramin yashi ko ɗaga ta ta faɗi tsam kusa da tutar da ke nuna rami. Ta ƙarshe ita ce fota, wadda ba ta ɗaga ƙwallo, gangara ta take yi a kan girin, wato shimfiɗar ciyawar nan da aka aske ƙwal a kewayen rami. A fuskar kowane ƙarfe akwai 'yan tsaga a jere. Su ne ke kama ƙwallo su murza ta baya, ta yadda in ta sauka za ta tsaya maimakon ta zarce. Ƙasa ko ɗanyar ciyawa ta cike su, sun mutu. Shi ya sa Kawu yake jiƙa rabin tawul ɗinsa ya bar rabi a bushe: bayan kowane bugu ya goge da jiƙaƙƙen, ya tsane da busasshen, ya bi tsagar da tsinke, sannan sanda ta koma gurbinta. Ban taɓa ganin ya tsallake wannan ba, ko da ana sauri.

Sai awo. Ƙwararren ɗan wasa ya san iyakar tafiyar kowace sanda a hannunsa. Abin da yake nema wurin kadi shi ne nisan da ya rage. Kawu ya horar da ƙafarsa har takunsa ɗaya ya zama yadi ɗaya, irin yadin da tela ke auna atamfa. Kwana ɗaya ko biyu kafin gasa yakan taka filin shi kaɗai, yana rubutawa a littafin nan: daga wannan itace zuwa bakin girin kaza, daga ƙarshen ramin yashi kaza, nan ƙasa ta karkata hagu, can akwai kwari da ba a gani daga mafari. Ranar wasa sai ya nemi alamar da ta fi kusa da ƙwallo, ya taka abin da ke tsakani, ya haɗa ko ya ɗebe, ya ƙara nisan tuta daga bakin girin, domin kullum ana sauya wurin da aka haƙa ramin. Duk wannan kafin maigidan ya gama shan ruwa.

Amma lambar da ke littafi ba ita ce lambar da ake bugawa ba, kuma nan ne ilimin yake. Kawu zai tsinki ciyawa ya watsa sama ya ga inda ta nufa, sannan ya ɗaga kai ya dubi kan itatuwa, don iskar da ke taɓa kunne ba ita ce ke can sama inda ƙwallo za ta bi ba. In iska na fuskantarsu sai a ƙara sanda ɗaya ko biyu, wato a ɗauki wadda ta fi kai ƙwallo nesa. In girin na kan tudu a ƙara, in yana gangare a rage. Zai durƙusa ya dubi zaman ƙwallon: tana bisa ciyawa kamar ƙwai a kan auduga, ko ta nutse? In ciyawa mai raɓa za ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙwallo, murzawar za ta ragu, ƙwallo ta yi tsalle ta wuce inda ake so. Bayan duk wannan lissafi abin da zai fito daga bakinsa bai wuce kalma huɗu ba: "Maigida, ƙarfe na bakwai."

A kan girin kuwa karatu ake yi. Kawu yakan fara tun daga nesa, yana tahowa yana tambayar kansa ina ruwa zai bi in an yi sama, domin inda ruwa ya bi nan ƙwallo za ta bi. In ya iso sai ya tsuguna bayan ƙwallo, ya zaga ya duba daga bayan rami, ya taka gefe ya ji karkatar ƙasa a tafin ƙafarsa. Ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba: ciyawar ƙasashen zafi tana da kwanciya, kamar gashin akuya. In ka hango ta tana sheƙi, ta kwanta ne ta ba ka baya, ƙwallo za ta yi gudu. In ta yi duhu, tana fuskantarka, sai an ƙara ƙarfi. Har bakin ramin yakan leƙa, don gefen da ya fi yagewa yana faɗa masa inda ciyawar ta karkata.

Ranar da na roƙa ya bar ni in ɗauki jakar wani mai wasan nishaɗi, na gane cewa tsayuwa ma sana'a ce. Nauyin bai dame ni ba da farko, ko da yake jakar ƙwararru kan kai kilo 15 zuwa 20, ana kuma yawo da ita awa huɗu ko biyar. A rami na uku mutumin ya ɗaga sanda, ni kuma na gyara tsayuwa, ƙarafan suka yi ƙara a bayana. Ƙwallo ta tafi daji. Ban ma ga inda ta faɗa ba, ina kallon fuskarsa. Doka tun 2019 minti uku kacal ta bayar a nemi ƙwallo, bayan nan ta ɓata, sai tara da komawa baya. Kawu, da ke ɗauke da jakar abokin wasan, ya taka kai tsaye zuwa gindin wani itace ya nuna ta da yatsa. A girin kuma na tsaya inuwata ta ratsa hanyar ƙwallo. Bai yi mini faɗa ba. Da muka keɓe ya ce, "Ɗana, a nan inuwarka ma ba taka ba ce, sai ka san inda ka ajiye ta."

Duk wannan na yini ɗaya ne. Kakar wasa ita ce ke tone wanda ya iya da wanda ya haddace fili guda. 'Yan wasan da suka mai da golf abincinsu ba su da gida ɗaya: yau suna Kumasi a gasar Asantehene, wadda ke ɗauke da sunan sarautar Otumfuo Osei Tutu II, shi ma mai buga wasan ne, gobe suna Achimota a Accra, ko Tema, ko Damang a yankin ma'adinan zinariya. Sunaye irin su Emos Korblah da Vincent Torgah a wannan zagaye aka san su. Mai hali yakan ƙetara Aflao, ya ratsa Lome da Kwatano ya shiga Najeriya, inda akwai Ikoyi a Legas, da filin IBB a Abuja, da na Kaduna da Kano da Jos. Hanyar tana da tarihi. Sandy Lyle ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a gasar Najeriya ta 1978, Vijay Singh ɗan Fiji ya ci ta a 1988 da 1989, kafin duniya ta san shi har ya zama na ɗaya a 2004.

Kowane wuri da kowane wata sai an sake lissafi. Da damina, wadda a Kumasi sau biyu take zuwa a shekara, ƙasa takan yi laushi, ƙwallo ta faɗi ta manne inda ta sauka. Da hunturu ƙasa ta ƙeƙashe, ƙwallo ta yi ta gudu kamar an kore ta, sai a saukar da ita tun kafin girin a bar ta ta ƙarasa da kanta. Ga hazo yana ɓoye tuta yana ruɗin ido. A Jos, da ke kan tsauni sama da mita 1,200, iska ba ta da kauri, sandar da ta isa a Kumasi sai ta zarce. Kawu ya ce ya riski filayen da babu ciyawa a kewayen rami, sai yashi da aka cakuɗa da baƙin mai, a share wa ƙwallo hanya kafin a gangara ta. Abu ɗaya ne bai taɓa ba shi wuya a tafiye-tafiyen nan ba, wato masauki: duk garin da ya sauka akwai zango, akwai masallaci, akwai wanda zai ce masa sannu da zuwa da Hausa.

Babbar gasa kwana huɗu ce, rami 72. Bayan kwana biyu ake tankaɗe: waɗanda suka fi yawan bugu a sallame su, kuma wanda rariya ta zubar ba shi da ko sisi, ga kuɗin mota da na ɗaki ya riga ya kashe. A manyan gasannin Turai da Amurka al'ada ce kadi ya sami kashi 10 cikin 100 in maigidansa ya ci kofi. A nan abin da aka yi jinga ne, sai ɗan alheri in an dace. Saboda haka bugu ɗaya na iya zama bambancin komowa da guzuri da komowa da bashi. A irin wannan yammaci, in hannun maigida ya fara rawa, Kawu ya san ya rage sauri, ya miƙa ruwa, ya kawo wani zance na daban. Ya san kuma lokacin da zai ce, "Maigida, wannan sandar ba za ta kai ba," ya tsaya a kan maganarsa. In bugu ya yi kyau yabo na ɗan wasa ne. In ya ɓaci, kadi ya haɗiye.

Kakanninmu da suka kafa zangon nan fatake ne masu bin hanyar goro. A ayarinsu madugu ne shugaba, amma akwai jagaba, mai shiga gaba, wanda ya san mashigin kowane rafi da rijiyar da ba ta ƙafewa da nisan da jaki zai iya kafin rana ta take. Ba a yi masa kirari kamar madugu, amma babu ayarin da ke tashi ba shi. Tun ranar da na bi Kawu, wannan sunan nake ba shi a raina.

Kwanan baya da magariba yana wanke tawul ɗinsa a ƙofar gida, sai wani daga cikin samarin majalisa ya matso, ya rage murya, ya ce, "Baba, in ana neman yara a wajenku a tuna da ni. Ai ɗaukar jaka ce, ina da ƙarfi." Kawu ya matse tawul, ya shanya, ya ce, "Daga bencinku zuwa ƙofar masallaci taku nawa ne?" Yaron ya yi shiru. A layin aka haife shi, shekara ashirin yana bin hanyar. Kawu ya ce, "Je ka ƙirgo. In ka dawo ka faɗa mini kuma ta ina ruwa yake gangarawa in an yi sama. Gobe bayan asuba ka same ni a nan."