Gwanintar Cire Had-dis Daga Kwamfutar Tebur

A cikin akwatin kwamfutar tebur, kusan duk abin da ya lalace ana samun madadinsa. In fanka ta mutu, akwai ta a kasuwa. In akwatin wuta ya ƙone, a titin Beirut da ke Kano za ka samo wani kafin azahar. Abin da kuɗi ba ya dawo da shi shi ne abin da ke cikin had-dis: lissafin shago, sakamakon jarrabawar ɗalibai, kundin digiri, hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa nake ganin girman mai gyaran da ya iya cire shi. Noti huɗu ne da waya biyu, aikin 'yan mintoci, amma a nan ake gane gwani.

Sai ka san abin da ke cikin ƙarfen nan za ka fahimci dalilin lallaɓa shi. Fayafai ne masu sheƙi, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karanta su. Kamar faifan garmaho da allurarsa, sai dai wannan allura ba ta taɓa faifan. A kan iska take shawagi, da tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Bugu ɗaya yana cikin juyawa ya isa ta karce faifan, aikin shekaru ya salwanta.

Don haka gwani da baki yake farawa. "Alhaji, akwai kulle a kansa?" Yana tambaya ne saboda in an kulle had-dis da BitLocker, wata kwamfuta ba za ta buɗe shi ba sai da mabuɗinsa mai lamba 48. Sai ya tabbatar mai kaya na da shi, sannan ya kashe na'urar yadda ya kamata, ya zare wayar wuta daga soket, ya danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar da ke ciki ta zube.

Kafin ya sa hannu ciki, zai dafa ƙarfen akwatin. Duk wanda ya taɓa ƙofar mota da hunturu ya ji tas a yatsa ya san wutar da jiki ke tarawa in iska ta bushe. Kaɗan daga cikinta, wadda kai ba za ka ma ji ba, tana iya kashe ƙananan kayan da ke kan koren allon had-dis. Mai gyara a ƙasarmu, inda bushewa ke ɗaukar watanni, ya fi kowa buƙatar wannan ɗabi'a.

Yana zame murfin gefe, sai ya ɗauki hoton ciki da wayarsa, don ya san inda kowace waya ta fito. Daga nan ne za ka so ka matso ka kalli yatsunsa. Had-dis irin na SATA waya biyu ke shiga bayansa: siririya mai fil 7 ta bayanai, da mai faɗi mai fil 15 ta wuta. Ba ya jan igiyar. Kan wayar yake kamawa da babban yatsa da manuni, in akwai ɗan ƙarfen kulle ya danna shi, ya ja miƙe zuwa baya. Ba ya girgiza ta sama da ƙasa, domin harshen robar da take kamawa siriri ne. In ya ɓalle, lafiyayyen had-dis ya koma jinya. A tsofaffin injuna kuwa, faffaɗar waya mai fil 40 ta IDE zai tarar, wadda ake cirewa a hankali, gefe da gefe, kada fil ya lanƙwashe.

Sai noti. Hannu ɗaya na tallafe da had-dis, ɗayan na juya sukundireba, don kada na ƙarshe ya saki ƙarfen ya faɗa kan babban allo. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex, da yawansu ma ba su da noti a nan. Cikin wata shuɗiyar roba had-dis ɗin yake zaune. Gwani zai matse kunnuwanta ya zaro, ya ɗan buɗa gefenta, had-dis ya fito. Wanda bai sani ba sai ya sa ƙarfi ya karya ta. In abu ya ƙi fitowa, gwani ya san akwai abin da bai kwance ba, sai ya sake dubawa. Ta gefe yake riƙe had-dis, ya zura shi cikin ledarsa mai hana wuta, ya ajiye a shimfiɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya san iyakarsa. Ba ya buɗe murfin had-dis, domin wannan aikin ɗaki ne na musamman marar ƙura. In ya ji yana ƙas-ƙas, ba ya ta kunna shi don gwaji. Zai faɗa wa mai kaya gaskiya, cewa kowane kunnawa ƙara ɓarna yake yi.

Sannan akwai amana. Goge fayil ba ya kawar da shi daga faifai, ana iya tono shi. Shi ya sa mai gyara na kirki, in ka kawo tsohuwar kwamfuta za ka sayar, zai ce maka, "Alhaji, riƙe had-dis ɗin nan a gida." Sirrin mutane na wucewa ta hannunsa kullum, ba ya leƙawa. Wanda zai koya wa yaro wannan aiki, ya haɗa masa da wannan tun ranar farko: yadda ake kama kan waya, da yadda ake kama kai.